Waƙar Biki Ta Yi Daɗi, Amma Sautin Fa?

Bayan Sallah an sha bukukuwa a unguwar nan, kuma kamar yadda aka saba yanzu, kowace amarya da tata waƙar. Na samu guda shida na zauna na saurara, dukkansu a ɗakunan samarinmu na nan Agege aka ɗauke su. Na ji su a waya, na ji a mota, na kuma ji a manyan sifikun filin biki. Baitocin ba laifi, muryoyi kuwa akwai masu daɗin gaske. Amma sautin, jama'a, sai a hankali.

A uku daga ciki ƙugin bes ya haɗiye muryar mawaƙin, har sunan amaryar da aka biya kuɗi don a ambata ba ya fita. Biyu kuma kiɗansu ya fito siriri kamar ana kaɗa gwangwanin madara. Ta shida tana da wani gurnani a ƙarƙashi tun daga farko har ƙarshe, kuma duk inda mawaƙin ya ɗaga murya sai ta tsage. Iyayen amarya ba su san sunan matsalar ba, amma kunnensu ya gaya musu, shi ya sa wasu suka fara aika aikin Kano ta WhatsApp. Kuɗin da ya kamata ya zauna a unguwa ke nan yake tafiya.

Na leƙa ɗakuna biyu, kuma abin da na gani ya ba ni amsa. Yaro ya yi wata da watanni yana tara kuɗin acaɓa, ya je Alaba ya zuba kusan duka a kan makirfo mai ƙyalli, sannan ya dawo yana haɗa sauti da sifikar kallon fim ta falo. Ita wannan sifika an yi ta ne don ta yi wa kunne daɗin baki: tana ƙara bes, tana ɓoye aibi. Mai haɗa sauti da ita zai ji bes ya yi yawa, sai ya rage, waƙa ta fita waje ba nauyi. Ɗayan kuma 'yan ƙananan sifikun kwamfuta gare shi, ba ya jin bes ko kaɗan, sai ya yi ta ƙarawa har ya wuce gona da iri. Sifikar situdiyo, wadda ake kira monita, aikinta ta faɗa maka gaskiya ko da ba daɗi.

To wace monita ce daidai aljihunmu? PreSonus Eris 3.5 ita ce mafi sauƙin kuɗi cikin waɗanda na yarda da su, kuma biyu ake sayarwa tare. Murya tana fita tas a cikinta, amma faifanta inci 3.5 ne kawai, ba ta sauka ƙasa da wajen 80Hz, don haka ba za ta nuna maka ƙasan bes ba. Ta isa mai ɗaukar talla ko karatu, mai waƙar rawa kuwa sai ya haɗa da hedfon mai kyau. KRK Rokit 5, mai faifan nan ruwan ɗorawa, ita samari suka fi so saboda tana kyau a hoto kuma tana da ƙugi. An daɗe ana cewa tana ɗan yi wa bes kwalliya, don haka mai ita ya san halinta. Yamaha HS5 mai farin faifai ba ta da kunya: in muryarka ta yi kaushi za ta gaya maka, sai dai bes ɗinta ba yawa. A ganina JBL 305P ce ta fi daidaita tsakanin kuɗi da aiki. Ka lura fa, waɗannan ukun ɗaya-ɗaya ake sa musu farashi. Ka tambayi mai shago tun farko: kuɗin guda ne ko na biyu?

Sai ɗan akwatin da ke tsakanin makirfo da kwamfuta, wanda 'yan kasuwa ke kira sawun-kad. Shi ke ɗaga siginar makirfo ya mayar da ita abin da kwamfuta za ta gane, shi ke kuma ba makirfon kondensa wutar 48V da ba ya aiki sai da ita. Behringer UMC22 araha ce kuma tana aiki, amma ba ta da direba tata ta kanta a Windows, sai an jingina da ASIO4ALL, kuma nan ne ake yawan samun jinkiri tsakanin furta kalma da jin ta a kunne. In za ka ɗan ƙara kuɗi, UMC202HD ta gidan ta fi ta nesa ba kusa ba. Focusrite Scarlett, jan akwatin nan, ta fi tsada, amma tana da wani abu da zai ceci mawaƙanmu: zoben wuta a jikin maɓallin ƙara sauti, kore in lafiya, ja in murya ta yi yawa. Tsagewar muryar da na ji a waƙa ta shida daga nan take. An murɗa maɓalli har ƙarshe, kuma abin da ya tsage wajen ɗauka babu ototun ɗin da zai ɗinke shi. Mai waƙa shi kaɗai Solo ta ishe shi. In da 'yan amshi ko fiyano, sai 2i2 mai ƙofa biyu.

Amma ko ka sayi ta miliyan, ɗaki shi ne rabin aikin. Ɗakunanmu ƙanana ne, bangon siminti, ƙasa tayil, sauti na ta karo yana dawowa. Monita mai inci 8 a irin wannan ɗaki ɓarnar kuɗi ce, ta inci 5 ta wadatar. Ka ajiye su daidai tsayin kunnenka, nisan da ke tsakaninsu ya zama daidai da nisan kowacce zuwa kanka. Kar ka manna su da bango, musamman Yamaha da JBL da ramin iskarsu ke baya. Kwalin ƙwai da ake liƙawa a bango kuwa, don Allah a daina, ba ya tare ƙarar kasuwa, ba ya riƙe bes, sai dai ya tara kyankyasai. Labule mai kauri, kafet da katifa a jingine sun fi shi amfani.

Gurnanin nan kuma na wuta ne. Ka yi amfani da waya mai kan XLR ko TRS tsakanin akwati da monita, ka raba ta da wayar wuta, ka kuma nisanta janareto. Wutarmu 230V ce, kayan tokumbo da aka kawo daga Amurka wasunsu 120V ne kawai. Ka karanta rubutun da ke bayan kaya kafin ka jona, in ba haka ba hayaƙi za ka gani. Sitabilaiza ma ba ado ba ce a garin nan.

Ga shawarata ga ƙannena masu wannan sana'a. Ranar sayayya ka tafi da waƙa biyu da ka sani kamar tafin hannunka, a kunna maka su a shagon, a gwada kowace ƙofa, ka karɓi rasit mai lambar kayan. In kuɗi bai kai monita ba, ka sayi akwati mai kyau da hedfon irin Audio-Technica M40x, ka jira. Kafin ka miƙa wa mai biki waƙa, ka ji ta a waya, a mota da sifikar mai shayi. In sunan amarya ya fita a duka ukun, to ka gama aiki. In bai fita ba, ka koma ka zauna, domin mutanen da suka biya ka maƙwabtanka ne, kuma gobe ma akwai wani bikin.