Ƙidayar Tsuntsayen Ruwa ta Watan Janairu: Sharhi daga Fadamun Bakolori

Wannan takarda za ta dubi hanyar da masana ke bi wajen ƙidayar tsuntsayen bakin ruwa, domin a ga ko ta dace da irin fadamunmu na Talata Mafara da Bakura da Maradun. An fara wannan ƙidaya a 1967, aka faɗaɗa ta zuwa Afirka a 1991, kuma a tsakiyar Janairu ake yin ta kowace shekara. Babu mai musun amfaninta, domin da ita ake gane ko baƙin tsuntsayen da ke gudo wa sanyin Turai suna ƙaruwa ko raguwa.

To amma a tawa fahimta, bukatar masanan Turai ce ta zaɓi wannan wata. Alal misali, shamuwa, wadda kowane yaro a Gidan Goga ya san zuwanta bushara ce ta damina, tana barin ƙasar Hausa da kaka ta nufi kudancin Afirka. Ashe ke nan mai ƙidayar Janairu ba zai taɓa samun ta a nan ba, ko da ta ƙare ƙurmus.

Matsala ta biyu ta fi nauyi. Tun da aka gama madatsar Bakolori a 1978, ambaliyar da ke shayar da fadamun Gulbin Sakkwato ta ragu. Binciken W. M. Adams na 1985 ya nuna yadda manoman da ke ƙasa da madatsar suka rage noman shinkafa suka koma gero da dawa, kamun kifi kuma ya ja baya. Abin lura shi ne, taɓon da shinkafa ke so, shi ne wurin kiwon ƙananan tsuntsaye masu dogayen ƙafafu da ke tsintar tsutsa. Ruwa mai zurfi ba ya ciyar da su. Saboda haka wanda ya tsaya bakin tafkin ya ƙidaya kirinjijiya da dinya, zai iya rubuta cewa tsuntsaye sun yalwata, alhali masu bukatar taɓo sun rasa makiyaya. Lissafinsa daidai ne, hukuncinsa kuwa kuskure.

Daɗin daɗawa, cikin wurare 11 na Nijeriya da suka shiga jerin Ramsar zuwa 2008, har da Nguru da Baturiya, babu ko ɗaya a kwarin Sakkwato da Rima. Ina ganin ya kamata a ƙara ƙidaya ta biyu da damina, a fadama, tare da masunta da manoma waɗanda suka san sunan kowane tsuntsu da lokacin saukarsa.