Gwanin Tayil ɗin Tsakar Gida a Araba

Shimfiɗa tayil a cikin ɗaki aiki ne da yaro mai koyo zai iya idan ya shekara a hannun maigidansa. Tsakar gida kuwa, da baranda, da harabar masallaci, sai gwani. A Araba, garin da ke bakin iyaka tsakanin Illela da Birnin Ƙonni, zafin watan Afirilu yakan haura digiri 40, hunturu ya zo da ƙura da sanyin asuba, damina kuma ta zubo da ruwa mai ƙarfi cikin ɗan lokaci. Duk wannan a kan tayil ɗin waje yake sauka.

Shi ya sa gwanin ba ya fara aiki da buɗe kwali. Sai ya zagaya gidan tukuna, ya duba inda indararo ke zuba, ya duba rariyar da ruwa ke fita, ya tambayi uwargida inda take wanke-wanke da inda maigida ke alwala. Daga nan ya ɗauko siririn tiyo mai ruwa a ciki, yaronsa ya riƙe ƙarshe ɗaya shi ya riƙe ɗaya, su bi bango suna sa alama. Abin da yake nema shi ne gangara: a kowace mita ƙasa ta sauka da santimita 1 zuwa 2 wajen rariya. Ido ba ya ganinta, ƙafa ma da ƙyar take ji, amma ruwa ya sani. A ganina nan ne sana'ar take gaba ɗaya. Tsakar gidan da ruwa ke kwana a cikinta ta lalace tun ranar da aka gama ta, komai tsadar kayan da aka zuba.

Wannan ilimin ba baƙo ba ne a ƙasar Hausa. Iyayenmu mata da suke taruwa su yi daɓe, suna bugun tsakuwa da madaɓi suna yayyafa ruwan makuba, sun san ƙasar da ba ta daku ba ba ta riƙe komai. Mai tayil na kirki magajinsu ne. Zai sa a kwashe ƙasa mai laushi, a cike da jar ƙasa, a jiƙa, a daka, a zuba kankare, a yi ta ba shi ruwa safe da yamma na kwanaki kafin a ɗora komai a kai. Siminti ba ya wuya a wannan yanki, ga na Kalambaina a Sakkwato da ya fara fitowa tun 1967, ga kuma masana'antar Malbaza a tsallaken iyaka. Abin da ke wuya shi ne haƙurin jiran kankare ya nuna, musamman idan maigida na matsawa saboda biki ya gabato.

Wajen zaɓe ma yana da nasa hukunci. Maigida yakan ƙyalla ido a kan mai sheƙi, irin wanda ya gani a falon wani. Gwani zai ce masa, "Alhaji, wannan na ɗaki ne. Ranar da ya jiƙe, tsohuwa ko yaro zai kayar." Sai ya zuba ruwa a kan guda ɗaya ya ce a taka a ji. Na waje mai kaushi ake so, wanda ke kama tafin ƙafa. Yakan kuma juya bayan tayil ya ɗiga ruwa: idan ya shanye nan take, bai dace da fili ba, don mai inganci kusan ba ya shan ruwa sam. Baƙi yana ɗaukar zafi har ba ya takuwa da azahar, fari fat kuma yana kashe ido yana tona asirin ƙura, saboda haka launin ƙasa ko na yashi ya fi zama lafiya. Ko na Ajaokuta ne, ko na Sin, ko na Sifen, zai duba lambar da ke jikin kwalaye ta zama ɗaya don kada launi ya saɓa, ya kuma sa a ƙara kamar kashi 10 cikin 100 saboda yanka da fashewa.

Sai shimfiɗar kanta, wadda ake farawa da sassafe kafin rana ta busar da kwaɓi. Yana ja igiya, yana shafe ƙasa da bayan tayil gaba ɗaya, ba ɗigo biyar da masu gaggawa ke yi don rage siminti ba. Ya ɗora, ya bubbuga da gudumar roba, ya saurara. Wurin da ya yi ƙarar fanko akwai rami a ƙasa, kuma nan ne zai fashe ranar da aka aje turmi ko aka shigo da babur. Ba ya jira, ɗagawa yake ya sake.

Akwai abin da masu gida da yawa ke ɗauka kuskure ne, wato tazarar da yake bari tsakanin tayil da tayil, milimita 3 zuwa 5, da kuma 'yar kafa a gindin bango. Tayil yana buɗewa da zafi, yana tsukewa da sanyi. Idan aka matse su babu wurin motsi, wata rana da tsakar bazara za a ji ƙara, a fito a tarar layi guda ya yi tozo. Inda mota za ta shiga kuwa, gwani da kansa zai ce a bar tayil a sa intalok a kan yashi, ko da hakan zai rage masa kuɗin aiki.

Mai niyyar gyara tsakar gidansa, kafin ka yi ciniki da kowa, ka nemi ya kai ka gidan da ya yi wa aiki damina biyu da suka wuce. Ka zuba bokitin ruwa a tsakiya, ka tsaya ka ga inda zai bi.