Zaman Baƙunci a Cikin Shaihu Umar

Jama'a, mun sake duba littafin nan Shaihu Umar na Malam Abubakar Tafawa Ɓalewa, Allah ya ji ƙansa, wanda aka buga a 1934. An sace Umar yana yaro, Balarabe Abdulkarim ya ƙetare Sahara da shi zuwa Masar, ya riƙe shi kamar ɗa, har ya zama malami. Uwarsa kuwa da ta bi sawunsa, bauta ta faɗa, har Tarabulus. Ashe sakewar baƙo tana ga riƙon mai masauki. Wannan Malam ya nuna shi sarai. Amma a ganinmu ya gaggauta labarin zaman Umar can. Yaya yaron ya saba da harshensu da cimarsu? Da Malam ya daɗe nan, da littafin ya ƙara armashi.