Waƙar Hesiyod da Masu Sabunta Labarin Allolin Girka

Tiyogoniya waƙa ce mai layi dubu da 'yan kai, wadda mawaƙin Girka Hesiyod ya tsara wajen shekara 700 kafin haihuwar Annabi Isa (AS). Mutumin ƙauyen Askara ne, a gindin dutsen Helikon. Waƙar ta bayyana asalin allolin da Girkawan dā suke bauta wa. Kawos ne farko, wato wani wawakeken giɓi, sai Gaya, ƙasa, wadda ta haifi Yuranus, sama. Ɗansu Kuronos ya dandaƙe mahaifinsa da lauje ya ƙwace mulki, sannan ya riƙa haɗiye 'ya'yansa don gudun kada su yi masa haka. Matarsa Riya ta naɗe dutse a zanen goyo ta miƙa masa ya haɗiye, aka ɓoye jariri Zus a tsibirin Kirit. Da ya girma aka gwabza yaƙi shekara 10, ya hau karaga.

A 'yan shekarun nan marubutan Turanci sun yi wa labaran allolin Girka rubdugu. Rick Riordan ya fara jerin Percy Jackson a 2005, Stephen Fry ya fitar da Mythos a 2017, Madeline Miller ta biyo da Circe a 2018. Sun jawo matasa da yawa, kuma wannan abin yabo ne. Matsalar ita ce salon zamani ya fi son rigimar gadon mulki da soyayya, yana taƙaita jerin haihuwar alloli ko ya tura shi ƙarshen littafi.

A cikin jerin nan kuwa Hesiyod ya zuba tunaninsa. Dare ce ta haifi Barci da Mutuwa da Husuma. Husuma ta haifi Wahala da Yunwa da Ƙarya. Da Zus ya auri Temis, mai kula da doka, sai aka haifi Adalci da Zaman Lafiya. Kowace haihuwa bayani ce kan abin da ke jawo wani a rayuwar mutane. Har 'ya'ya mata 50 na tsohon teku Neriyus ya kira da suna ɗaya bayan ɗaya, yawancin sunayen suna siffanta halin teku. Duk wanda ya taɓa jin maroƙi yana jero kakannin sarki ya san a nan ake kafa hujjar sarauta.

Masanin tarihi Herodotus ya ce mawaƙi Homa da Hesiyod ne suka tsara wa Girkawa nasabar allolinsu. Saboda haka malamin da ya miƙa wa ɗalibi sabon littafi ya kamata ya haɗa masa da cikakkiyar fassarar waƙar, a karanta jerin sunayen da murya kamar yadda aka rera ta tun asali.