Mawaƙi ya rera, eko ya haɗiye

Daren Asabar da ta wuce na je wani ƙaramin zauren biki a Kano kallon wasu matasa bakwai da suka yi abin da ya yi ƙaranci a yanzu: sun hau dandamali da kayan kiɗansu a hannu. Masu kalangu biyu, mai gurmi, mai fiyano, 'yan amshi biyu, sai mawaƙin. Babu filashin da aka soka wa diije, babu mamin. Wannan kaɗai ya isa a yaba musu, domin yawancin mawaƙan da muke gayyata bukukuwa yau motsa baki suke yi a kan abin da sitidiyo ta riga ta gama.

Waƙoƙinsu na da kyau. Na san haka ne don na taɓa jin biyu daga ciki a wurin da suke atisaye, ba don na ji su a daren ba. A daren, abin da ya iso kunnen mutum ɗari da wani abu da ke zaune shi ne ƙugi, da tsuwwa, da wata murya da ke bin kanta da gudu. Ni ma nakan riƙe miksa a ƙarshen mako, na san zafin kujerar, saboda haka ba da raini nake faɗa ba: wanda ke zaune a bayan na'urar nan shi ne editan ƙarshe na waƙa, kuma a wannan dare ya goge rabin rubutun.

Babban laifin eko ne. Mun ɗauke shi tamkar gishirin miya, mai sauti na kunna kaya sai ya murɗa shi, mawaƙi kuma in bai ji muryarsa tana dawowa ba sai ya ɗaga hannu ya ce a ƙaro. Amma duba abin da yake yi wa Hausa. Harshenmu da karin sauti da tsawon wasali yake rarrabe ma'ana. Kuka na hawaye da kuka ta miya karin sauti ne ya raba su. Gari na mutane da gari na tuwo tsawon wasali ne. Mawaƙin da ke furta gaɓa huɗu a daƙiƙa guda, in aka sa eko yana maimaita shi bayan rubu'in daƙiƙa, to kowace gaɓa za ta faɗo daidai kan wadda ke biye da ita. Gajeren wasali ya miƙe, sautin sama ya hau kan na ƙasa, ƙ da ts da ɗ, waɗanda kaifinsu ke sa a gane kalma, su dushe. Waƙa ta uku, wadda ke ba da labarin yaron da ya tafi ci-rani ya dawo ya tarar an sayar da gonar gado, gininta duka a kan wasa da kalma ɗaya mai ma'ana biyu yake. A atisaye sai da tsigar jikina ta tashi. A zauren ko mutum ɗaya ban ga ya gyaɗa kai ba.

Abin takaicin, zauren ma ba ya bukatar eko. Ƙasa tayil, bango siminti, tagogi gilashi, babu labule ko ɗaya. Sauti na tafiyar kusan mita 343 a daƙiƙa. A ɗaki mai tsawon mita 20, kafin ya bugi bangon baya ya dawo dandamali ya ci kusan kashi ɗaya cikin takwas na daƙiƙa. Wato ginin da kansa yana amsa-kuwwa kyauta, aka zo aka ɗora masa ta inji.

Ita kuwa tsuwwar da ta riƙa sa mata toshe kunne, a nan dole mawaƙin ya ɗauki kasonsa. Makirufo irin Shure SM58, wanda aka fara fitarwa a 1966 kuma kwaikwayonsa ya cika kasuwanninmu, an yi shi ne ya ji abin da ke gabansa ya ƙi na bayansa, kuma da 'yan kafofin da ke bayan kansa yake wannan aikin. Mawaƙinmu ya dunƙule kan makirufon da tafin hannu, irin yadda ya gani a bidiyo. Da ka toshe kafofin nan, makirufo ya koma jin kowane ɓangare, ya ɗauki abin da lasifika ta fitar ya mayar mata, ita ma ta sake fitarwa, har abin ya zama ihu. Ga shi kuma an jera lasifikokin a bayan makaɗa maimakon gabansu, wai don kada su tare wa mai hoto. Sanƙira ma da nasa makirufon a buɗe, yana yawo da shi har gaban lasifika duk sanda wani ya taso liƙi.

Inda na fi jin ciwo shi ne kalangu. Kalangu magana yake yi. Makaɗi na matse tsarkiya a hammata, fata ta ɗaure ko ta saki, sauti ya hau ko ya sauka yana bin karin harshe. Duk wanda ya saurari kaset ɗin Mamman Shata, wanda ya rasu a 1999, ya san yadda kalangai ke ba shi amsa kamar mutane, kuma ya san ba a taɓa rasa kalmarsa ko ɗaya a cikin kiɗan, duk da cewa na'urorin da aka ɗauke shi da su ba su kai wayar da ke hannunka ba. Mai sautinmu ya ɗauki kalangu a matsayin ganga mai dukan ƙirji, ya cika masa bes, ya rage tsakiyar sautin inda maganar take. Sai aka bar mu da dum-dum. Babban makaɗin, wani siririn yaro mai hannun hagu, ina kallon hammatarsa tana aiki, na san yana faɗin wani abu, amma bai iso ba.

Akwai kuma kuskuren da ba na mai sauti ba ne, na tsarin ƙungiyar ne. Mai fiyano ya kunna kiɗan da ke cikin na'urar, wanda ke tafiya a kan ma'auni ɗaya ba ya gaba ba ya baya. Kalangu kuwa da numfashin mawaƙi yake tafiya, ya jira shi in ya ja baiti, ya kora shi in ya yi nawa. Aka wayi gari shugabanni biyu a dandamali, 'yan amshi ba su san wanda za su bi ba. Da ni ne su, da na kashe gangar fiyanon gaba ɗaya, na bar shi yana shimfiɗa a ƙasa.

Wajen ƙarfe goma janareta ya shaƙe. Mai gurmi bai tsaya ba, mawaƙin ya ajiye makirufo ya ci gaba, zauren ya yi tsit. Minti uku ɗin nan su ne mafi daɗi a daren, har wata dattijuwa a layin gaba ta yi guɗa a daidai inda ya kamata. Ya tuna mini Ɗanmaraya Jos da kuntiginsa mai tsarkiya ɗaya, yadda ƙaramin abu ke isa in an bar masa fili. Amma kada mu yaudari kanmu da cewa maganin shi ne a watsar da na'ura. Abokina da ke layin baya ya ce shi bai ji komai ba sai motsin kujeru. Gurmi ba zai cika zaure shi kaɗai ba; lasifika yake so wadda za ta ɗaga shi yadda yake, ba ta sāke masa kama ba.

Da wuta ta dawo sai aka rama da ƙarfi. Ma'aunin da hukumar lafiyar ma'aikata ta Amurka ke amfani da shi ya ce desibel 85 awa takwas kunne ke jurewa, kuma duk ƙarin desibel 3 na rage lokacin da rabi. A desibel 100 saura minti 15. Yara ne zaune a gindin lasifikar, ɗaya ma barci yake a cinyar uwarsa. Jan fitilar miksa kuwa tun farkon wasa take kunne, alamar sautin ya wuce abin da na'urar ke iya ɗauka, ta fara yanke masa kai.

Gyaran duk bai kai kuɗin kaza ba. A zo da awa ɗaya kafin baƙi, a fara daidaita murya ita kaɗai har a ji kowane harafi daga ƙofar shiga, sannan a shigo da kalangu, sannan sauran, kowanne a ƙarƙashinta. A matso da lasifika gaba. A rufe makirufon sanƙira in ba magana yake ba. A bar eko a sifili, in ya so a ɗiga kaɗan a amshi.

Muna fita na ji mai bikin yana ce wa ƙaninsa, da ya sani da diije kawai ya ɗauko, ya fi arha kuma an fi jin waƙa. Yaran suna can suna naɗe waya, ba su ji shi ba. Suna da wani wasan ƙarshen wata a zaure mai rufin kwano, na ce wa mai gurmin zan zo tun la'asar da darduma biyu da za mu rataya a bangon baya.