Waliyyin Tamanraset da nonon awaki

Mai karatu, in kana da ɗan'uwa da ya taɓa tashi daga Kore Mairuwa ko Dogon Dutsi zuwa cin rani Aljeriya, ka san sunan Tamanraset. A garin nan ne wani Bafaranshe, Sharl de Fuko, ya zauna daga 1905 har anka kashe shi ran 1 ga Disamba 1916. Paparoma Faransis ya sa shi cikin waliyyan Katolika ran 15 ga Mayu 2022. Littafin da ya baza sunansa cikin duniya shi ne na Rene Bazan, da Faransanci, wanda ya fito a 1921. Zo mu auna shi tare.

Bazan ya iya ba da labari, wannan sai a yaba masa. Ka ga ɗan masu hali, haifaffen 1858, ya shiga soja, ya watsar da gadonsa wajen shagali. Ya zaga Maroko a 1883 da 1884 cikin shigar Bayahude, ya tuba a 1886, ya zama limamin coci a 1901. A Beni Abbas ya fanshi bayi, ya yi ta rubutu yana tsine ma bauta. Abin da ya samu na hatsi da magani, rabawa yake.

Amma tun daga sunan littafin akwai gyara. Bazan ya kira shi mai halwa cikin Sahara, kamar shi kaɗai ne tsakanin duwatsu. Mai halwa ina zai samu ƙamus? Fuko ya haɗa ƙamusun harshen Abzinawan Ahaggar da Faransanci, wanda anka buga littafi 4 a 1951 da 1952, ya kuma tara waƙoƙinsu. Bakin mutane ya bi. Ba Hammu, magatakardan sarki Musa ag Amastan, ya zauna da shi suna tantance kalma ɗaya ɗaya. Duk mai koyar da manya ya san haka aikin harshe yake: malami ɗalibi ne tukuna.

Ga kuma abin da nike gani shi ne zuciyar labarin. A 1907 fari ya faɗa ma Ahaggar. Fuko ya rabar da abincinsa, a farkon 1908 ya kwanta kamar ba zai tashi ba. Mutanen nan da yunwa ta gallaba, Musulmi, su ne sunka bi awaki suna neman mai sauran nono, sunka kawo masa har ya miƙe. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Labarin da ya haska mai bayarwa kawai, ya mai da talaka hannun karɓa, rabin labari ne.

Gyara na biyu ya fi nauyi. Bazan ya yi rubutu cikin zamanin mulkin mallaka, yana kallon sojan Faransa a matsayin masu kawo alheri. Fuko kuwa aminin hafsa Laferin ne, yana rubuta ma hafsoshi labarin ƙasa, gidan da anka kashe shi kuma ƙaramar ganuwa ce da bindigogi a ciki. A watan nan na Disamba 1916 Kawsan ya kewaye Agadas. Mu mutanen Arewa, da munka san abin da rundunar Bule da Shanuwan ta yi ma Lugu da Sarauniya a 1899, ba mu karanta wanga waje da idon Bazan. Tausayin mutumin gaskiya ne, zamansa a inuwar soja ma gaskiya ne. Sai a faɗi duka biyun.

To, mai karatu, in littafin ya zo hannunka, ko anka fassara maka shi, ka saurara kana tambaya: wa ke magana, wa anka bari shiru? Sa'an nan ka ɗauki alƙalamin da ka koya a ajin yaƙi da jahilci. A garinku akwai waɗanda sunka buɗe rumbunsu ma maƙwabta a yunwar 1973 da ta 1984. Ka tambayi tsofaffi, ka rubuta abin da sunka yi tun masu tunawa suna raye.