Kwazazzabon Johnston a Hunturu: Tafiyar da Ta Cancanci Sanyinta

Duk wanda ya ce hunturun Kanada lokacin ƙunshewa a ɗaki ne, wallahi bai taka Kwazazzabon Johnston ba. Wurin yana cikin gandun Banff na lardin Alberta, gandun da aka kafa a 1885, wanda shi ne na farko a ƙasar. Daga garin Banff tafiyar kilomita 25 ce a mota. Ni dai in aka ce in zaɓi yawo guda a tsakiyar sanyi, ba sai na yi shawara da kowa ba.

Wani rafi ne da ke gangarawa zuwa Kogin Bow ya daɗe yana cin dutse, har ya yi rami mai zurfi tsakanin bangaye biyu. Aka zo aka kafe gadojin ƙarfe a jikin bangon, sai ka tsinci kanka kana tafiya a saman rafin, dutse a kafaɗarka, ƙanƙara a ƙarƙashinka. Ruwan bai mutu ba fa. In ka tsaya ka kasa kunne za ka ji shi yana gunaguni a ƙasa, wani wurin ma ya ɓullo shuɗi shar. A irin wannan ɓular na ga wani ɗan tsuntsu mai launin toka ya faɗa ruwan tsundum, ya fito da abincinsa ya karkaɗe jiki, mu kuwa haƙoranmu na kaɗawa. Ikon Allah!

Bayan kilomita ɗaya da 'yan kai za ka iso magangarar ruwa ta ƙasa. Sai ka sunkuya ka bi ta wani ɗan kogo, kana ɗagowa ka gan ta a gabanka, ta daskare. Amma gwanar tana sama, kimanin kilomita biyu da rabi daga bakin hanya. Tsayinta ya kai mita 30. Ka ɗauka ruwan Matsirga na Kafanchan ne aka daka wa tsawa ya tsaya cak yana cikin zubowa. Ga ginshiƙan ƙanƙara fari da shuɗi, ga wasu 'yan ƙundumbala sun ɗaura igiya suna hawa da 'yan gatura a hannu. Duk surutun ayarinmu, nan kowa ya yi tsit.

Daɗin tafiyar nan a ayari yake. Sanyin da kan kai digiri 20 ƙasa da sifili ba abin shiga kai kaɗai ba ne. In numfashinka ya daskare a gashin ido, na kusa da kai ne zai fara gani, ya sha dariya, sannan ya gyara maka hula. Wanda santsi ya kwasa yana da hannuwan da za su ɗaga shi. Batirin waya kan mutu da wuri a irin wannan sanyi, to wayar abokin tafiya ce za ta ɗauke ka hoto. Shayin da aka tsiyayo daga fulas a gindin magangara ta sama kuwa, kofi guda yana zagayawa, ban san shayin da ya kai shi ba.

Shirin ba wuya. Abu na farko ƙarafunan nan masu tsini da ake ɗaurawa a ƙasan takalmi, domin ƙafafun jama'a sun goge hanyar ta zama santsi zalla. Ana bayar da hayarsu a shagunan Banff, masu jagorantar ayari ma sukan zo da su. Sa tufafi hawa-hawa yadda za ka rage in zufa ta karyo, ka haɗa da safar hannu da hular sanyi. A tanadi kuɗin shiga gandun. A kuma yi sammako, don a watan Disamba kafin ƙarfe biyar rana ta faɗi.

'Yan uwa da ke karatu ko aiki a Kalgari, tsakaninku da wannan wuri bai kai tafiyar awa biyu ba. Ku tara junanku ranar Asabar, ku cika fulas, ku je. In maki ake bayarwa, na ba shi goma bisa goma.